Me Ke Isa Wurin Allah Daga Ragon Layyarka?

Waɗanda data ba ta bari suka saurari sautin ba, ga shi an buga muku shi a rubuce kamar yadda aka saba.

Yau da wani saƙo zan fara. Wani matashi ne ya turo shi cikin dare, kuma ya roƙa kar a faɗi sunansa. Ya ce bara ya yi aure, wannan ce babbar sallarsa ta farko a matsayin mai gida. Ya je kara sau biyu yana taya rago, duk wanda ya ɗora wa hannu sai kuɗin ya ninka abin da ke aljihunsa. Matarsa ba ta ce masa komai ba, amma ya ji ta a waya tana gaya wa ƙawarta cewa "har yanzu dai ba a kawo ba." Surukansa kuma a unguwa ɗaya suke. To ya ga wata manhajar bayar da bashi a waya, za su tura masa kuɗin cikin minti kaɗan, ya biya da ƙari bayan wata ɗaya. Tambayarsa ita ce: idan na ci wannan bashin na yanka rago, zan samu ladan layya? Ya ƙara da cewa ya ji ana faɗa kowane gashi ɗaya na jikin ragon lada ne, shi kuma ba ya so wannan garaɓasar ta wuce shi.

Na karanta saƙon nan sau uku, wallahi. Domin na san ba shi kaɗai ba ne. Da yawa daga cikinmu masu sauraren shirin nan muna cikin irin wannan ƙuncin a kwanakin nan, kawai dai shi ne ya yi ƙarfin halin faɗa. Zan ba shi amsa, amma sai mun ɗan zagaya tukuna, saboda tambayar tasa tana zaune ne a kan wata tambayar da ta fi ta girma: shi ladan layyar nan, daga ina yake fitowa? Daga girman ragon? Daga kuɗin? Daga jinin?

Lokacin da muke yara, a layinmu ana ɗaure raguna a ƙofar gida tun saura kwana huɗu ko biyar. Mu yara mu ne alƙalai. Mukan bi gida-gida muna auna ƙaho, muna cewa na gidan wane Balami ne, na gidan wane Uda ne mai rabin jiki baƙi rabi fari, na gidan su wane kuwa ɗan 'Yankasa ne da ko tsayin gwiwa bai kai ba. Yaron da ba a ɗaure komai a ƙofar gidansu ba, ranar nan ba ya fitowa wasa. Na tuna shekarar da mahaifinmu bai samu hali ba. Ban san me ya fi ci mini rai ba, rashin naman ko tsokanar abokai. Yanzu mun girma, ƙofar gidan ta koma status ɗin WhatsApp da TikTok, 'yan kallon kuma sun tashi daga yaran layi sun koma mutum dubu da ba su ma san ka ba. Halin dai shi ne, fili ne ya ƙaru.

To bari mu je wurin da aka yanke maganar. A cikin Suratul Hajji, aya ta 37, Allah Ya bayyana cewa naman dabbobin da ake yankawa ba ya isa gare Shi, jininsu ma ba ya isa, abin da ke isa gare Shi shi ne taƙawar da ke zuciyar mai yankan. Masu tafsiri sun ambata cewa Larabawan jahiliyya idan sun yi yanka sukan shafa jinin a jikin Ka'aba, su baje naman a kusa da ita, a ganinsu ta haka abin zai kai. Sai ayar ta zo ta rushe wannan tunanin daga tushe. Ka tsaya ka yi tunani a kai. Abubuwa biyu da ido ke gani a layya, nama da jini, an ce duka biyun a nan ƙasa za su tsaya. Naman cikinmu zai shiga, jinin ƙasa za ta shanye. Abu ɗaya tak da zai hau sama shi ne wanda kyamara ba ta iya ɗauka.

Wannan yana nufin mutum biyu za su iya tsayawa a layi ɗaya, ɗaya ya kayar da bijimin sa, ɗaya ya kayar da 'yar tunkiya da ƙyar ta cika sharuɗɗa, a rubuta wa mai tunkiyar abin da ba a rubuta wa mai san ba. Kuma akasin haka ma zai iya faruwa, kar wani ya ɗauka ina zagin masu kuɗi ne. Mai kuɗin da ya zaɓi mafi kyau saboda girmama umarnin Allah yana kan hanya, domin a surar dai, aya ta 32, an danganta girmama alamomin addinin Allah da taƙawar zukata, malamai kuma sun saka zaɓen dabba mai ƙiba mai kyau a ciki. Matsalar ba ƙibar ragon ba ce. Matsalar ita ce, don wa aka ƙibanta shi?

Idan ka koma asalin abin ma, za ka ga ba a kan rago aka fara maganar ba. Labarin yana cikin Suratus Saffat, daga aya ta 102 zuwa ta 107. Annabi Ibrahim (AS) ya roƙi Allah ɗa, aka ba shi bayan tsufa ya kama shi. Ba a jarrabe shi lokacin da yaron yake jariri ba. Sai da yaron ya tasa, ya kai munzalin da zai riƙa bin mahaifinsa wurin aiki, daidai lokacin da uba ke fara jin daɗin ɗansa, sannan mafarkin ya zo. Magana mafi rinjaye a wurin malamai ita ce Annabi Isma'il (AS) ne wannan ɗan. Abin da ke taɓa ni a labarin shi ne, uban bai lallaɓa ya auka wa yaron yana barci ba. Ya zaunar da shi ya gaya masa, ya nemi jin ra'ayinsa. Yaron ya ce masa ya aikata abin da aka umarce shi, ya kuma yi alkawarin haƙuri da yardar Allah. Da suka miƙa wuya su biyun, aka kira Ibrahim aka ce ya gaskata mafarkin. Ku lura fa, an ce ya gaskata alhali wuƙar ba ta yanka komai ba. Jarrabawar ta ƙare kafin jini ya zuba. Ragon daga baya ya zo, a matsayin fansa.

Ke nan duk shekara idan ka kwantar da ragonka, tambayar da ake maimaita maka ita ce ta Ibrahim: mene ne abin da ka fi so, kuma za ka iya sakinsa idan Allah Ya ce ka saka? Ga wani kuɗinsa ne. Ga wani kuwa, kuma a nan nake so ɗan'uwanmu mai saƙo ya buɗe kunne, abin da ya fi so shi ne mutuncinsa a idon mutane. Wataƙila abin da aka nema ya yanka bana ke nan.

Tun kafin Ibrahim ma akwai 'ya'yan Annabi Adamu biyu, waɗanda muka sani da Habila da Ƙabila. Suratul Ma'ida aya ta 27 ta ba da labarin cewa kowannensu ya gabatar da abin neman kusanci, aka karɓi na ɗaya aka ƙi na ɗayan, dalilin da aka bayar kuma shi ne daga masu taƙawa ake karɓa. Wato tun farkon tarihin ɗan Adam, miƙa abu daban, karɓarsa daban.

Yanzu maganar gashi. Na san wannan ɓangaren ba zai yi wa wasu daɗi ba, don a kwanakin nan saƙonnin suna ta yawo a guruf-guruf. Akwai hadisin da aka jingina wa Zaidu ɗan Arƙam, yana cikin littafin Ibnu Majah, wanda ke cewa kowane gashi na dabbar layya lada ne. Malaman hadisi sun raunana shi ƙwarai saboda matsalar masu ruwayarsa. Akwai kuma wanda aka ruwaito daga Nana A'isha (RA) a littafin Tirmizi, mai cewa babu aikin da Allah Ya fi so ranar sallah kamar zubar da jinin layya, kuma dabbar za ta zo ranar ƙiyama da ƙahoninta da gashinta da kofatanta. Shi Tirmizi ya kyautata shi, amma malamai da dama sun raunana shi. Har babban malamin nan na mazhabar Malikiyya, Alƙali Abubakar Ibnul Arabi na Andalus, ya tafi a kan cewa babu wani hadisi ingantacce da ya zo musamman a kan falalar layya.

Wani zai ce, to malam ka kashe mana gwiwa ke nan, ashe babu lada? A'a, ko kusa. Abin da nake cewa shi ne ladan layya ba ya buƙatar mu jingina shi da lissafin gashi. Yana tsaye da ƙafafunsa. Kuma ni a ganina lissafin gashin nan ya ɗan ɓata mana tunani, ya mayar da abin kamar ciniki: rago mai yawan gashi, riba mai yawa. Da haka ne da tunkiyar Turai mai ulu ta fi kowa.

Ga inda ladan yake da tabbas. Allah Ya haɗa sallah da yanka a umarni ɗaya cikin Suratul Kausar, Ya kuma haɗa su a Suratul An'am aya ta 162 a matsayin abubuwan da ake yi domin Shi kaɗai. Ibadar da aka ajiye kafaɗa da kafaɗa da sallah ba ƙaramar ibada ba ce. Sannan Manzon Allah (SAW) da kansa ya yi. Anas ɗan Malik (RA) ya ba da labari, yana cikin Bukhari da Muslim, cewa ya ga Annabi ya yi layya da raguna biyu masu ƙaho, farare da ɗan sirkin baƙi, ya yanka da hannunsa, ya ambaci sunan Allah ya yi kabbara. A hajjin bankwana, shekara ta 10 bayan hijira, raƙuma 100 ya kai hadaya, ya soke 63 da hannunsa mai albarka, Sayyidina Ali ya ƙarasa sauran. Ga kuma lokacin da abin ya faɗo a ciki. Hadisin Ibnu Abbas a Bukhari ya nuna babu kwanakin da aikin alheri ya fi soyuwa ga Allah kamar goman farko na Zulhajji, ranar layya kuma ita ce ta goma. Umarnin Allah ne, koyi da Annabi ne, a mafificin lokaci. Wanda wannan bai ishe shi ba, ƙirgen gashi ma ba zai ishe shi ba.

Akwai wani labari da nake so ƙwarai, don yana nuna bambancin nama da layya ƙarara. Wani sahabi, Abu Burda ɗan Niyar, kawun Bara'u ɗan Azib, ya tashi da sassafe ranar sallah ya yanka dabbarsa kafin a tafi idi. Niyyarsa mai kyau ce, yana so iyalinsa da maƙwabtansa mabuƙata su samu nama da wuri. Da Annabi (SAW) ya yi huɗuba ya bayyana cewa sai bayan sallah ake yanka, Abu Burda ya miƙe ya faɗi abin da ya yi. Annabi ya sanar da shi cewa tasa nama ce kawai ya gabatar wa iyalinsa, ba layya ba. Ya ce ba shi da sauran komai sai wata 'yar akuya da shekarunta ba su kai ba, aka yi masa rangwame shi kaɗai ya yanka ta. Dabba ɗaya, wuƙa ɗaya, mutum ɗaya, bambancin sa'a ɗaya ko biyu, amma wannan suya, wancan ibada. Me ya raba su? Bin umarni. Shi ya sa a nan ƙasar, da yake yawancinmu a kan Malikiyya muka tashi, ake jira sai liman ya yanka nasa kafin kowa ya sa wuƙa. Don haka samari masu gaggawar a kunna gawayi, a yi haƙuri a jira.

To mu dawo kan gasa. Kar ku ɗauka mu muka ƙirƙiro ta. An tambayi Abu Ayyub al-Ansari (RA), sahabin da Annabi ya sauka a gidansa lokacin da ya iso Madina, yadda layya take a zamanin Manzon Allah. Ya ce mutum yakan yanka akuya ko tunkiya ɗaya domin kansa da mutanen gidansa, su ci su ciyar, har daga baya mutane suka mayar da abin alfahari. Wannan yana cikin Muwaɗɗa ta Imamu Malik da littafin Tirmizi. Sahabi ne fa yake kukan nan, tun a ƙarni na farko. Ina ga da ya ga bidiyon da ake ɗora wa rago kiɗa ana zagaya shi da kyamara, a rubuta farashinsa a ƙasa?

Sannan an ruwaito cewa Sayyidina Abubakar da Sayyidina Umar (RA) sukan bar yin layya a wasu shekarun da gangan, don gudun kada mutane su ɗauka farilla ce. Mutanen da suka fi kowa son lada bayan Annabawa, suka bar ta don su sauƙaƙa wa irinmu. A wurin mafi yawan malamai, har da Malikiyya da Shafi'iyya, layya sunna ce mai ƙarfi ga wanda yake da hali. Hanafiyya ne suka ce wajibi ce, su ma a kan mawadaci. Malaman Malikiyya sun ma fayyace cewa mai hali shi ne wanda kuɗin dabbar ba zai taɓa buƙatunsa na dole a shekarar ba. Babu mazhabar da ta ce wanda ba shi da shi ya shaƙe kansa.

Don haka ɗan'uwa mai saƙo, ga amsarka. Bashin da za ka biya da ƙari riba ce, riba kuwa haramun ce da nassin Alƙur'ani, ba wani saɓani a kai. Layya sunna ce. Ba a shiga haramun don a kai ga sunna. Ka tuna da ayar da muka fara da ita: taƙawa ce ke isa wurin Allah. Idan ka sayi ragon da kuɗin riba, ka zubar da abin da zai isa ɗin tun a bakin kara, ka shigo gida da nama da jini, waɗanda aka riga aka ce maka ba sa zuwa ko'ina. Kuma bayan wata ɗaya, lokacin da naman ya ƙare, ƙawayen matarka sun manta, kai za a bari da masu bashi suna kiran lambobin da ke wayarka ɗaya bayan ɗaya. Mutuncin da ka ci bashi don ka kare, shi zai fara zubewa.

Idan da bashi ne na ɗan'uwa ko aboki, babu ƙari, kuma ka san albashi na zuwa da za ka biya ba tare da gidanka ya shiga wani hali ba, wannan malamai da yawa sun ba da dama. Amma kafin nan ma, wa ya ce dole sai rago mai ƙaho? Tunkiya tana yi. Akuya tana yi, bunsuru yana yi, in dai shekarunsu sun kai kuma babu aibun da aka hana: bayyanannen harari-garke, bayyananniyar cuta, bayyanannen gurgunta, da ramar da ta cinye ɓargo. Gaskiya ne rago ya fi falala a wurin malamanmu, amma "ya fi falala" daban, "shi kaɗai ke yi" daban. Kunyar shigowa layi da akuya, wannan tsakaninka da yaran layi ne, babu ruwan mala'iku.

Wasu za su ce a shiga watanda. A nan a yi hattara. Watandar da muka saba, mutum goma sha biyar ko ashirin su haɗa kuɗi a sayi sa a raba nama, hanya ce mai kyau ta sa yara su ci nama ranar sallah, amma ba layya ba ce. Mafi yawan malamai sun yarda mutum bakwai su yi tarayya a sa ɗaya ko raƙumi ɗaya da niyyar layya, ba su wuce bakwai ba. Malikiyya kuwa ba su yarda da haɗa kuɗi ba sam, abin da suka yarda da shi shi ne mai gida ya sayi dabbarsa da kuɗinsa, ya shigar da 'yan'uwansa da ke zaune tare da shi kuma yake ciyar da su cikin ladan. Ka san wacce kake bi kafin ka miƙa kuɗinka.

Idan kuma duk wannan bai samu ba, to bai samu ba. Jabir ɗan Abdullahi (RA) ya ruwaito, yana cikin Abu Dawud da Tirmizi, cewa Annabi (SAW) ya yanka rago a filin idi ya ce wannan nasa ne da na duk wanda bai yi layya ba cikin al'ummarsa. Ni duk lokacin da na tuna hadisin nan sai na tuna mahaifina a waccan shekarar, yana zaune a zaure ya yi shiru. Ashe an riga an tuna da shi tun kafin a haife shi. Ka samu matarka ka zaunar da ita ka gaya mata gaskiya, yadda Ibrahim ya zaunar da ɗansa. Mata da yawa sun fi mu ƙarfin zuciya a irin wannan, ɓoye-ɓoyenmu ne ke sa su zargi. Ke kuma 'yar'uwa da kike saurare, kalma ɗaya daga bakinki, ki ce "Allah Ya hore na baɗi, kar ka takura kanka," za ta iya tsare mijinki daga riba. Ki nemi ladanki ta nan.

Saura ku da Allah Ya hore wa. Kar ku ɗauka kun tsira daga shirin yau.

An yanka, an feɗe, sai me? Suratul Hajji, aya ta 28 da ta 36, ta ce a ci kuma a ciyar, ta ambaci matalauci mai tsananin buƙata, ta ambaci wanda ke roƙo da wanda ya kame bakinsa ba ya roƙo. Wannan na biyun shi ne wanda muke mantawa. Almajiri zai zo ƙofa da robarsa, shi ba ya ɓata. Amma malamin makarantar firamaren da ke bayan layinku, wanda zai sa farar shaddarsa ya tafi idi yana murmushi alhali tukunyar gidansa ko albasa ba ta gani ba, shi ba zai taɓa ƙwanƙwasa maka ƙofa ba. Bazawarar da ke riƙe da marayu huɗu ba za ta aiko ba. Kai za ka neme su.

Akwai shekarar da Annabi (SAW) ya hana a ajiye naman layya fiye da kwana uku. Da shekara ta zagayo sahabbai suka tambaya ko hanin yana nan, sai ya bayyana musu cewa ya hana ne saboda wasu mabuƙata daga ƙauyuka da suka kwararo Madina a lokacin, yanzu su ci su ajiye su yi sadaka. Ajiya halal ce, babu laifi a soya a zuba a bokiti, a yi dambu, a yi kilishi. Amma ka duba dalilin hanin na farko: lokacin da yunwa ta yi yawa a gari, an so naman ya fita daga gidaje. Sai ka duba garinku bana, ka duba firizarka, ka yi wa kanka hisabi.

Kuma me muke bayarwa? Mu faɗi gaskiya. Cinya da gadon baya a kai gidan surukai da gidan oga, waɗanda su ma sun yanka, su kuma su aiko mana da tasu cinyar. Nama yana ta zagaye tsakanin masu nama. Talaka kuwa a tattara masa huhu da tumbi da ƙashin da babu komai a jiki, a ƙulle a baƙar leda. Kyauta ga dangi da abokai abu ne mai kyau, tana cikin abin da ake so. Amma wata rana an yanka akuya a gidan Annabi (SAW) aka rabar, ya tambayi Nana A'isha me ya rage, ta ce babu abin da ya rage sai kafaɗa. Sai ya nuna mata cewa ai duka ta rage, kafaɗar ce kawai ba ta rage ba. Tirmizi ne ya kawo shi. Abin da ya fita shi ne naka, wanda ka ci ya tafi. Da wannan ma'aunin, da yawanmu abin da muke turawa gaba daga rago guda bai wuce huhu ba.

Roƙo ɗaya kuma, don Allah: idan za ka ba mutum nama, ka ajiye wayar. Kar ka jera bayin Allah a ƙofar gida suna riƙe da leda kana ɗaukarsu bidiyo. Na ga irin wannan bara, wata dattijuwa tana jan mayafi tana rufe fuska, mai ɗaukar yana ce mata ta ɗago. Naman da aka ba ta bai kai kilo ɗaya ba, abin da aka karɓe mata ya fi haka nauyi.

Ita ma dabbar tana da haƙƙi, kuma nan ma akwai lada da muke zubarwa. A hadisin Shaddadu ɗan Aus da ke cikin Muslim, Annabi (SAW) ya yi umarni da kyautatawa a komai har a yanka, a wasa wuƙa, a hutar da abin yankan. Ke nan ba a jan rago da ƙafa ɗaya a kan kwalta, ba a barinsa a rana tun safe babu ruwa, ba a wasa wuƙa a gabansa, ba a yanka wani yana kallo, ba a fara feɗewa kafin rai ya gama fita. Yara masu haɗa raguna karo kafin sallah, a hana su, ƙaho ya karye ko ido ya fashe ka jawo wa layyar matsala a banza. Idan za ka iya yankawa da hannunka shi ya fi, in ba za ka iya ba ka wakilta wanda ya iya, ka tsaya a wurin. Mahauci kuma a biya shi ladan aikinsa da kuɗi daga aljihu. Ba a biyansa da nama ko fata a matsayin lada, Annabi ya hana Sayyidina Ali yin haka. In ka ga dama ka ba shi kyauta bayan ka biya shi, wannan daban. Fatar ma ba a sayarwa a ci kuɗin, ko ka yi buzu da ita ko ka bayar.

Na ga tambayoyi biyu sun shigo tun ɗazu, bari in taɓa su da sauri. Mai tambaya a kan aski da yanke farce: hadisin Ummu Salama ne a Muslim, wanda ya yi niyyar layya ya bar gashinsa da farcensa daga shigowar Zulhajji har ya yanka. In ka manta ka yi aski, layyarka tana nan, ba ta ɓaci ba. Mai tambaya a kan kwanaki kuma: ranar sallah da kwana biyu bayanta ne a wurin Malikiyya, Shafi'iyya sun ƙara na huɗu. Wannan ma wata dama ce ga mai ƙaramin ƙarfi, don sau da yawa washegarin sallah dillalai sun gaji, masu dabbobi suna son komawa gida, farashi yakan sauko. Ranar farko ta fi falala, amma ta biyun ma layya ce cikakkiya.

Ɗan'uwa mai saƙo, ka goge manhajar nan daga wayarka yau, kafin dare ya yi tunani ya dawo. Ka sake rubuto mana bayan sallah mu ji yadda kuka ƙare da uwargida. Sauran tambayoyin da suka shafi azumin ranar Arfa da kabbarorin kwanakin sallah, su za mu ɗauka a shiri na gaba in Allah Ya kai mu. Allah Ya karɓa mana, Ya hore wa wanda bai samu ba. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.